Ƙarar Wake a Kan Tire

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da yaran. Ya ƙafar ƙaramar, ta daina ja? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta tsufa ce, ba ta da magani.

Kin ce me ya sa ba na kiranki a waya. Gidan nan kin san shi, in na yi tari ɗanki yana ji ta bango, maganar kuwa tasa ce. Shi ya sa na ba direba takarda. Kin kuma ce rubutuna ya zama manya-manya kamar na allon talla. To ki karanta haka nan, wata takwas na yi a ajin manya, ban ce miki na yi jami'a ba.

Maigida ya kusa gama makaranta. Har yanzu haka nake kiransa, tunda sunan ubanki ya ci, kuma shi ne namijin da ya rage min a gida, ko da yake miji ne da ba ya cefane. Saura wata huɗu. Kin san an tura su koyon aiki, shi kuma ya zaɓi sitonmu inda muke tsintar irin wake. Shekara talatin da ɗaya ina wurin nan, ni ce a ƙarshen layi, duk waken da sauran suka tsince sai ya bi ta hannuna kafin a ɗinke buhu. Mai Ido suke kirana, har Manaja.

To yaron nan ya kafa kyamara a kan teburina. Sati shida muna zaune ni da shi. In ɗauki ƙwayar wake, in jefa a tirena, in ce mai kyau ko in ce fanko, shi kuma ya ɗauki hotonta ya danna wani abu. Wai yana koya wa kwamfuta idona. Na ce masa ubanki ma shekara arba'in bai koyi idona ba. Ya yi ta rubuce-rubucen nan nasa da kwamfuta ke bi, yanzu ga inji can, wake na wucewa a kan bel, in ya hango marar kyau sai ya hure shi gefe da iska, fit, fit. Manaja kamar ya goya shi. Ya ce yana karɓar takardar gamawa aiki na jiransa, da ofis da kujera.

Sai dai ɗanki zuciyarsa biyu. Bayan ɗaki ya cika min da gwangwanaye, sun fi arba'in, kowanne da abin da ya shuka. Da safe kafin ya gaishe ni su yake gaidawa. Yana da littafi da yake zana ganye a ciki, har da jijiyoyinsa. Wai akwai wata makaranta mai nisa da ake karantar iri da ƙasa, can ransa yake. Kwanaki kuma sauti ne ya ɗauke masa hankali, yana bin tsuntsaye da waya yana naɗar kukansu. Mai hannu da yawa, bai san wanda zai ci abinci da shi ba.

Kin tambayi ra'ayina. Ni dai so nake ya kama aikin. Gwangwani ba ya sayen takalmi. Na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce Inna kishi kike da shukokina. Ki rubuto masa ke ma, amma kar ki ce ni na sa ki.

Ki gaida mijinki.

Innarki

---

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara. Sabulun ya iso.

An sallame mu. Mu sha ɗaya, ranar Litinin. Manaja bai ma fito ba, sai ya aiko mai sito da takarda ya karanta mana a tsaye a bakin ƙofa. Wai an gode da hidima. Inji ɗaya yana yin na mutum sha ɗaya kafin azahar, kuma ba ya zuwa jana'iza, ba ya ciwon baya. Wannan ni na ƙara, ba ya cikin takardar.

Ban yi kuka ba, kar ki zata. Na tsufa, dama ƙafata ɗaya a waje take. Amma Doguwa fa? Kin tuna ta, wadda ke zama a damana, ita ta riƙe min ke ranar da aka fita da ubanki. Jikoki uku ne a gabanta, uwarsu ta rasu, uban kuwa ko ƙurarsa. Ita ce ta ce min a gaban kowa, Mai Ido, ashe mijin naki kabarinmu yake haƙa, ke kina riƙe masa fitila. Aka yi dariya, amma ba irin ta daɗi ba.

Maigida bai san za a yi haka ba. Ya ɗauka injin zai rage mana wahala ne, mu zauna muna dubawa. Yaro ne, ya san kwamfuta, bai san mutane ba. Da ya ji ya tafi wurin Manaja, aka ce masa wannan ba layinsa ba ne. Kwana uku abinci yana kwana a kwano. Na ce masa ci, yunwarka ba za ta mayar da kowa aiki ba. Ya ce ba zai karɓi aikin ba. Na ce to mu sha ɗaya mun rasa, kai ka zama na sha biyu, sai a yi mana hoto.

Akwai wani abu. Ranar Laraba mun koma ni da Doguwa ɗaukar kayanmu, kujerata da tirena. Ga buhunan da inji ya tace a jere, ba a ɗinke ba. Hannu ya saba, na ɗebi ƙanƙani na zuba a tire. Doguwa tana kallona. Ta ga fuskata, ta gane. Sai ta mintsine ni a cinya, ta ce ƙasa-ƙasa, ki haɗiye. Na haɗiye. Muka fito.

Ba zan yi miki bayani yanzu ba. Ruwa ya kusa sauka, manoma sun fara sayen iri. Ki yi masa addu'a kawai.

Ki shafa min kan yaran.

Innarki

---

Auta 'yata,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kar ki ba mijinki.

Na daɗe ban rubuto ba don ban san ta inda zan fara ba. Irin da aka sayar bai fito ba. Ba duka ba, amma a rami uku sai ɗaya ya ƙi. Wani manomi ya zo bakin sito da laka har gwiwa, ya zazzage sauran buhunsa a ƙasa, ya zauna a kai, ya ƙi magana da kowa har la'asar. Da zagi ya yi da ya fi min sauƙi. Bayansa wasu suka zo, su sun yi zagin. Lokacin shuka kuwa ba ya jiran kowa, wanda ya rasa ya rasa.

An kashe injin, an rufe shi da tamfol. An kira mu mu sha ɗaya mu koma. Doguwa har da guɗa a bakin ƙofa.

Laifin duka an ɗora wa ɗanki. Manaja ya ce ba zai sa hannu a takardar koyon aikinsa ba, in kuwa babu wannan hannun makaranta ba za ta ba shi takardar gamawa ba. Shekara huɗu ke nan a ruwa. Malaminsu ya je ya roƙa, aka ce ya gyara abin da ya ɓata kafin ƙarshen wata mai zuwa, ko ya nemi wata hanya. 'Yan ajinsu suna ɗinkin rigar biki, shi yana tsugune a bayan ɗaki. Ya zubar da shukokinsa duka, ya cika gwangwanayen da waken da inji ya ce mai kyau ne, yana jiran ya ga wanne zai fito. Wanda ya ƙi sai ya tono shi, ya nemo hotonsa, ya ƙura masa ido. Ya ce Inna iri ɗaya suke, wallahi iri ɗaya suke, ta ina kike gani? Na ce baiwa ce. Jiya ya ce zai sayar da kwamfutar ya shiga dako a tasha, tunda kansa bai iya komai ba. Wandonsa ya fara zamewa.

To ga abin da ban faɗa ba. Auta, ba na gani. Shekara shida ke nan. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Shi ya sa rubutun ya girma. Na san inda biro ya bi, amma ba na iya karanta abin da na rubuta. Wasiƙunki duka Doguwa ke karanta min, a bayan sito lokacin hutu. Ita kaɗai ta sani. Ita ke jan hannuna a kan matakala kamar muna hira, ita ke cewa ga Manaja nan tafe, ɗaga kai.

Waken nan da kunne nake tsintarsa. Ƙwaro yana shiga tun a gona, ya cinye cikin, fatar tana nan sumul ba huda. Ido ba ya gani, ko na yarinya. Amma in ka jefa shi a tiren ƙarfe, mai rai yana cewa ƙwal, fanko yana cewa tas, a bushe. Tun kafin idona ya tafi na gano haka, da ya tafi sai kunnen ya ƙara kaifi. Sati shida yaron nan yana ɗaukar hoton wake, ni ina saurare, yana ce min kai Inna idonki. Ban gyara masa ba. Na ji tsoron magana ta kai ofis a ce makauniya ce a ƙarshen layi. Kuma na ji daɗin sunan, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar da na zuba ƙanƙanin nan a tire na ji tas, tas, ko'ina. Na san abin da zai faru a gonakin mutane, na yi shiru don a dawo da mu. An kuwa dawo da mu. Manomin nan mai laka, ni na zaunar da shi a kan buhu.

Yanzu in na faɗa wa Maigida, zai gyara. Na san kansa, kuma na san yadda yake da sauti. In ya gyara, an sake sallamar mata sha ɗaya, wannan karon har abada. In na ci gaba da haɗiyewa, ɗanki ya zama ɗan dako da shekara huɗu a kansa. Ba shawara nake nema ba, ke ba ki taɓa iya ta ba. Ina so dai wani ya sani.

In za ki ba da amsa, ki tuna wa ke karanta min.

Innarki

---

Auta,

Gaisuwa. Amsarki ta zo, layi uku, duk gaisuwa. Kin yi hankali.

Na faɗa masa. Amma wurin Doguwa na fara zuwa, don ba na so ta ji a bakin wani. Na same ta tana wanki a ƙofar ɗakinta, ƙananan suna wasa da kumfa. Na ce zan gaya wa yaron. Ta ci gaba da cuɗa rigar. Can ta ce shekara shida ina zame miki ido, Mai Ido. Na ce na sani. Ta ce naki ɗaya ne, nawa uku, na sauran ban ma ƙirga ba. Na ce na iya lissafi. Ta ce to me kika zo yi, izini? Na ce a'a, na zo ne ki zage ni a fuskata. Ta ce ba ki kai ba. Ta watsar da ruwan wankin kusa da ƙafata ta shige ciki. Ban ga laifinta ba. Da ni ce ita da a kai zan watsa.

Da na dawo na tarar da shi cikin gwangwanayensa, rana tsaka, ko hula babu. Na ɗauko tire da wake, na ce zo nan, miji marar amfani. Na ɗaure fuskata da ɗankwali, na fara jefawa ina warewa, mai kyau dama, fanko hagu. Ya ɗauki na hagun yana fasawa da haƙori, duk gari ne a ciki. Ya fasa goma sha wani abu. Sai na ji ya daina. Na kwance ɗankwalin na ce da shi da babu duk ɗaya ne a wurina.

Can na ji yana ɗaga hannu a gaban fuskata, iskar na ji. Sai ya ce shi ya sa kike sa gishiri sau biyu. Na ce shi ya sa. Ya ce kin san buhunan nan fanko ne kafin a sayar? Na ce na sani. Ya ce kina kallona ina tonon gwangwani wata biyu? Na ce kallo dai ban yi ba, amma ina jinka. Ban yi niyyar wasa ba, haka ta fito. Bai yi dariya ba.

Ya tashi ya fita, sai magariba ya dawo. Na zata ba zai ƙara yi min magana ba. Da safe sai ga shi da wayarsa da wani ɗan abin ɗaukar murya, wanda yake bin tsuntsaye da shi. Ya ajiye a bakin tire ya ce jefa. Ba Inna, ba komai, jefa kawai. Kafin in jefa ya riƙe min hannu ya ce kin san abin da zai biyo baya in wannan ya yi? Na ce ƙaramarmu a cikin matan sito shekararta hamsin da takwas. In ba kai ba wani zai zo da nasa injin baɗi ko baɗin baɗaɗa, shi kuma ba jikan kowa ba ne a cikinmu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce wannan ba hujja ba ce. Na ce ban ce hujja ba ce, jefawa zan yi ko in tashi?

Kwana goma sha biyu muna yi. Ya ce a fuskar kwamfuta ƙwal da tas kamar tudu da kwari suke, ko jariri ya bambance. Ya shuka ɗari da injin ya zaɓa da kunne, casa'in da takwas sun fito. Bai yi murna ba, ni ma haka.

Ban koma sito ba tun ranar. Na aika a ce gwiwa.

Ki gaida gida.

Innarki

---

Auta,

Sallama. Ina fata kowa lafiya. Ni ina nan.

Manaja ya sa hannu. An ba ɗanki takardarsa. An yaye wa inji tamfol, an sa masa farantin ƙarfe da wake ke faɗawa a kai, an sallami matan ranar Asabar. Maigida ya roƙa a bar biyu su riƙa dubawa, aka bar ɗaya, ƙanwar matar mai sito. Doguwa tana wankau a gidajen mutane yanzu, da bayan nan nata.

Manaja ya ce kujerar tana nan, har ya ƙara da cewa akwai wasu situna bakwai da ke son irin injin, shi zai riƙa zagayawa yana kafawa. Ɗanki ya tambaye shi mata nawa ne a situnan bakwai. Manaja ya ce bai ƙirga ba. Ya ce to shi ma bai shirya ba.

Ya tafi makarantar irin nan, ranar Talata, kwana biyu a mota. Sun karɓe shi saboda abin kunnen, wai ba su taɓa ganin irinsa ba. Ya ce ba zai bar kwamfuta ba, amma yana so ya gano yadda za a hana ƙwaron shiga tun a gona, ya gaji da ware matattu. Ban san ko akwai abinci a wannan hanyar ba. Na ce masa wawa ne, kujera guda ya bari. Ya ce Inna ke kika koya min saurare. Na ce kar ka ɗora min, na ɗauki abin da ya ishe ni.

Kafin ya tafi ya kai ni asibitin ido. Sun ce na hagu an makara, na dama sai a gwada, layi kuwa sai bayan wata biyar. Ya ɗaura min igiya daga ƙofar ɗaki zuwa famfo, ya jera min kwanoni yadda zan lalubo. Gishiri ya sa shi a kwalba mai wuya don in gane. Ya yafe min ko bai yafe ba, bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Da zai shiga mota na ce sakin ke nan, Maigida? Ya ce yaji ne. Iyakar abin da na samu ke nan.

Kar ki ce in dawo wurinki. Ɗaki biyu gare ku da yara biyar, kuma ni da mijinki sai daga nesa muke shiri. Ya bar min gwangwani shida in riƙa ba su ruwa. Ina taɓawa da yatsa da safe, biyar sun fito.

Jiya na bi ta bayan sito, hanyar kasuwa ce, ba yadda zan yi. Ana jin injin daga waje, ƙwal ƙwal ƙwal, da sauri kamar ruwa a kan kwano. Na tsaya na saurara. Bai kuskure ko ɗaya ba. A nan na ji takun Doguwa, na san shi, tana jan ƙafar dama. Na yi mata sallama. Ta amsa, don sallama ba a ƙin ta, ta wuce.

Wasiƙarki ta iso kwana tara ke nan. Na ji kaurinta, kin yi rubutu da yawa wannan karon. Tana nan ƙarƙashin tire, ban buɗe ba, babu mai karanta min. In magana ce mai muhimmanci ki kira a waya, yanzu ba wanda zai ji ta bango.

Ki gaida yaran.

Uwarki,
wadda ake kira Mai Ido